Asalin littafin waƙoƙin Lutheran

Ɗan'uwa daga Zariya, ka tambayi inda littafin waƙoƙin Lutheran, wato cocin mabiya Martin Luther, ya samo asali. A Jamus ne, 1524: ɗan ƙaramin littafi mai waƙoƙi takwas kacal, huɗu na Martin Luther, uku na Paul Speratus. A shekarar nan kuma mai tsara waƙa Johann Walter ya tsara wa ƙungiyar mawaƙa nata littafin a garin Wittenberg. Nan Najeriya, Dokta Brønnum na Denmark ya fara aikin mishan na Lutheran a Numan a 1913.

Wahalar tana wajen juya waƙa zuwa Hausa. Dole gaɓoɓin kowane layi su yi daidai da na karin, in ba haka ba jama'a su riƙa haɗiye kalma. Kuma dogon sauti in ya faɗa kan gajeren wasali, sai ma'ana ta karkace. Shi ya sa ake rera kowane baiti kafin a buga.