Tambaya da Amsa: Lauya ce ni, ina son kujerar Majalisar Wakilai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni lauya ce, shekarata 28, ina aiki a ma'aikatar shari'a ta jiharmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen da ke tsare a gidan yari shekara da shekaru suna jiran shari'a. Don haka nake son tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Shekaruna sun kai? Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Shekarunki sun kai. Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018 ya sauko da shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, ya bar na Majalisar Dattawa a 35. Sashe na 65 ya ƙara da cewa ki kasance 'yar ƙasa mai ilimin sakandare aƙalla, kuma jam'iyya ce za ta tsayar da ke. Babu ɗan takara mai zaman kansa.

Aikinki ne tarko na farko. Sashe na 66 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ki adana takardar murabus mai ɗauke da hatimi da ranar da aka karɓe ta, domin abokin hamayya ita zai fara nema.

Daga nan sai takardu, kuma nan ne masu ilimi suka fi yin sakaci. Ki jera takardar haihuwa, ta firamare, ta WAEC ko NECO, digirinki da shaidar zama lauya, ki duba sunanki da ranar haihuwarki harafi bayan harafi. Idan aure ya sauya miki suna, ki yi rantsuwa a kotu ki buga a jarida tun yanzu. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta ƙwace nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe rantsar da shi gwamna, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa.

Batun kuɗi ba a ɓoye shi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin Majalisar Wakilai naira miliyan 10, PDP miliyan 2.5, duk da rangwamen da aka yi wa mata da matasa. Amma fom ba ya ba da tikiti. Ki yi rajista da jam'iyya a mazaɓarki da wuri, shugabannin jam'iyya na gunduma su san fuskarki tun kafin a kaɗa gangar siyasa. Idan aka yi miki maguɗi a zaɓen fidda gwani, sashe na 285(9) na tsarin mulki ya ba ki kwana 14 kacal ki shigar da ƙara. Ya wuce, ko gaskiyarki ta kai ina, kotu ba za ta saurare ki ba.

Dalilinki kuwa mai kyau ne, amma ki ƙara wasa shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta umarci alƙalan majistare su riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Matsalar ta fi zama ta aiwatarwa da kuɗi, kuma nan ɗan majalisa yake da hannu: kasafi da sa ido ta kwamitoci. Sannan gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa gidajen gyaran hali, ga shi yawancin waɗanda ke tsare laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi. Ki auna da kyau ko majalisar jiha, wadda ita ma shekara 25 take buƙata, ba ta fi kusa da abin da kike son gyarawa ba.