Amsa: zobba da shimfiɗar madubin hange a kan Remington 700

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce bindigarka Remington 700 ce mai cin harsashin .308, ka sayi madubin hange 3-9x40, kana neman shawara kan zobban da za su riƙe shi.

Kafin komai, auna kaurin jikin madubin. Yawanci inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, ko kuma milimita 30. Wancan 40 ɗin faɗin gilashin gaba ne, ba shi ake bi wajen zaɓar girman zobe ba, kuma nan mutane da yawa ke sayen abin da bai dace ba.

Sai shimfiɗar ƙarfen da zobban ke hawa. Remington 700 tana da gajeren gida da dogon gida, wato ƙarfen da sakatar da ke tura harsashi take gudu a ciki; .308 gajere ce, .30-06 doguwa, don haka ka faɗa wa mai shago. A ganina ka ɗauki shimfiɗa samfurin Picatinny guda ɗaya mai tsawo. Ramukanta faɗin milimita 5.23 ne, a jere daidai wa daida, sai ka matsar da zobe inda ya yi maka. Ramukan ɗayan samfurin, Weaver, sun fi ƙunci, milimita 4.57, shi ya sa zoben Weaver kan hau Picatinny amma na Picatinny sau da yawa ya ƙi shiga Weaver. Shimfiɗa mai karkata 20 MOA (ma'aunin ƙaramar kusurwa) kuwa ta masu harbin nesa ce, mafarauci da ba ya wuce mita 300 bai da buƙatarta.

Tsayin zobe shi ne inda ake yawan ɓata kuɗi. Ɗauki mafi gajarta da zai bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin bakin madubi da bututun bindiga, kuma hannun sakata ya ɗaga ba tare da ya gogi madubin ba. Idan ya yi tsayi, kuncinka zai tashi daga kota kana leƙe, saiti ya riƙa canzawa daga harbi zuwa harbi. Kada ka yarda da rubutun kwali, gajere a wani kamfani matsakaici ne a wani.

Wajen ɗaurawa, fara cire harsashi ka duba da ido. Goge mai daga ramukan noti. Notunan shimfiɗa na wannan bindiga yawanci masu girman 6-48 ne. Ɗiga musu Loctite, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, shuɗi kaɗan, ban da ja, don ja sai da zafi yake kwancewa. Gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin idan noti ya yi tsawo zai tokare zaren bututu ka zaci ya ɗauru, ko ya leƙo ciki ya riƙe sakata.

Tura kowane zobe gaba har ya tokare bangon ramin kafin ka matse. Dalili: bindiga na bugawa baya, madubi kuma yana son tsayawa inda yake, sai ya zame gaba. Ɗora madubin, kai shi lamba 9, wato iyakar kusantowarsa, ka ɗaga bindiga kafaɗa kamar za ka harba, ka matsar har hoto ya cika, ido na nesa da gilashi kusan santimita 9. Ƙasa da haka, gira ce za ta sha.

Notunan saman zobe inci-fam 15 zuwa 18 na ƙarfin matsi ya isa, sai dai idan kamfanin ya rubuta wani adadi. Nemi sukurudireba mai auna ƙarfi, ka riƙa matsewa a gicciye kaɗan-kaɗan, giɓin hagu da dama su zo ɗaya. Kada ka sa musu Loctite, santsinsa kan sa a wuce ƙa'ida. Matsi fiye da kima na lotsa jikin madubi, makunnin saiti ya daina biyayya, a ɗora wa madubi laifi. Bayan harbi ashirin na farko, sake duba kowane noti.