Amsa: Yayata tana kukan mama alhali tana raye

'Yar'uwa, kin ce yayarki ce ke jinyar mahaifiyarku mai ciwon mantuwa, kuma tana kuka kamar an yi rasuwa. Kukan nan ba rashin tawakkali ba ne. Rashin uwa take yi kaɗan-kaɗan: yau mama ta manta sunanta, gobe ta zuba mata ido ta ce "ke wace ce?" Kuma cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan ciwo, takan ja shekaru tana cin ƙwaƙwalwa.

Don Allah kada ki tsaya kan "yi haƙuri" kawai. Ki karɓe ta ko da wuni ɗaya a mako, wanka da wanki da gadin dare, ta samu ta runtsa. In ta ce ta gaji, har ta taɓa fatan wahalar ta ƙare, ki saurare ta, kada ki zare mata ido. Lokacin da na yi jinyar babana, wannan tunanin ne ya fi nuƙurƙusa ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

In ta kwashe makonni ba barci, ba cin abinci, ki raka ta wurin likita.