Tsohuwar motar soja tana ɗigar da mai: daga ina za a fara nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tahoua ne. Bara na sayi tsohuwar Berliet GBC ta soja, ina dakon hatsi da siminti da ita zuwa ƙauyukan Abalak. Kullum da safe sai in tarar da baƙin mai a ƙasa ƙarƙashin inji. An canza mini juwan kartar, wato shimfiɗar da ke toshe bakin kwanon mai na ƙasan inji, har sau biyu, ɗigon bai tsaya ba. Da safe tana wuyar tashi, sai aparanti ya yi ta bugun famfon hannu. Ƙafa ɗaya ta baya ta jiƙe da mai daga ciki. Sannan wani lokaci in na ja sandar awon mai sai in ga ya ƙaru maimakon ya ragu. Makaniki ya ce a sauke inji. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa ta zama ta arziki. Kada ka yarda a sauke inji tukuna. Abu huɗu ka lissafa, kuma wanda ya fi tayar maka da hankali, ɗigon nan na ƙasa, shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Wanda ka ajiye a ƙarshe kamar ba komai ba ne zai iya kashe injin, don haka da shi zan fara.

Baƙin mai ba ya haihuwa. In ya hau sama a jikin sanda, to wani abu ne yake shigarsa, ko gazuwal ko ruwa. Gane wanne ne ba ya buƙatar na'ura. Bar motar ta kwana a wuri mai daidai, da safe kafin a tayar da ita ka sassauta kusar juye ta ƙasan kartar kaɗan-kaɗan, kada ka cire ta duka. Ruwa ya fi mai nauyi, in yana ciki shi ne zai fara ɗigowa. Ka kuma leƙa bayan murfin da ake zuba mai: idan ka ga wani kumfa mai kalar shayi da madara, ruwa ne, kuma maganar ta koma kan juwan kulas, wato kan inji, ko wata tsagewa. Idan babu ruwa, ɗiga man a kan farar takarda ka bar shi. Mai lafiyayye yana tsayawa wuri ɗaya, wanda gazuwal ya shiga kuwa sai ka ga wani zobe mai haske ya bazu kewaye da baƙin. Murza shi tsakanin yatsu, za ka ji ya tsinke, kuma hanci ma zai faɗa maka.

Da yake ka haɗa da wuyar tashi, na fi zargin gazuwal. Hanyoyin da yake bi ya kai kartar ba su da yawa. Akwai injektar da bakinta ya lalace, tana ɗiga maimakon feshi, man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara ƙasa. Akwai ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, in robarsa ta ciki ta mutu. Akwai kuma babban famfon kansa. A injinan wancan zamani wasu manyan famfunan suna da nasu man daban, wasu suna sha daga man inji, sai makaniki ya duba wane iri ne a taka. Don gano injektar da ta gaza, a bar injin yana aiki a hankali, a sassauta notin bututun kowace injekta ɗaya bayan ɗaya, da tsumma a kai. Wadda aka sassauta muryar inji ta canza, tana aiki. Wadda aka sassauta bai ko ji ba, ita ce mai laifi. Silinda biyar ne da injin GBC, aikin minti kaɗan ne. Amma in za ka ji ta tawa, tunda motar ta kai wannan shekaru, a cire duka biyar a kai wa masu na'urar gwaji, a ga feshin kowace da ido. Kuma kada wanda ya sa yatsa yana laluben yoyo a jikin waɗannan bututu inji na aiki. Ƙarfin da man ke fita da shi yana huda fata, ciwon kuma na asibiti ne. A kara kwali a wurin.

Har a gano, kada ka yi mata lodi. Man da ya tsinke ba ya riƙe tsakanin karanshaf da kusine, wato mazaunin da yake juyawa a kai, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, a nan ne sauke injin zai zama dole. Akwai kuma haɗarin da direbobi da yawa ba su taɓa gani ba: idan kartar ta cika fiye da ƙima, inji na iya zuƙar man nasa ya riƙa ƙona shi, ya yi ta hawa da kansa, ka ja abin kashewa ya ƙi mutuwa. In hakan ta faru, a toshe bakin shan iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba, ko a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci. Ranar da aka gyara matsalar a yi juye, da sabon filta, ko da man jiya aka zuba shi.

Ƙafar da ta jiƙe ita ce ta biyu, domin birki ne. Shinshina man: na pon, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu yana juya su, yana da kauri da wani wari mai hawa kai da ba ka rasa gane shi. Juwan sipi na ƙafar, robar da ke hana mai fita ta inda ƙarfe ke juyawa, shi ne ya saki, man yana bi ta cikin gangar birki. Takalmin birkin da ya sha mai ya gama aiki. Na san ana wanke shi da fetur ko a babbaka shi da wuta a mayar, kuma ranar farko sai ka ce ya gyaru, amma da ya yi zafi man da ke cikinsa zai sake tasowa, a kan gangara da siminti a baya. A canza na ƙafafun biyu na wannan pon tare, don kada mota ta riƙa ja gefe. Kafin a sa sabon juwan, a ɗaga ƙafar a girgiza ta. In tana wasa, boris ɗin ne ya yi sako-sako, kuma zai cinye sabon juwan kamar yadda ya cinye tsohon. A shafa wurin da leɓen juwan ke zama da farce, in ya yi kwari sai an sa masa zobe ko a ɗan gusar da mazaunin.

Sai ka hau kan pon ɗin ka nemi wani ɗan bututu ko ɗan murfi a samansa, wanda watakila laka ta binne. Ta nan pon yake numfashi. In ya yi zafi a hanya iskar cikinsa tana kumbura, idan ta rasa mafita sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. Kowane pon yana da nasa, akwatin giya da akwatin raba ƙarfi ma haka. A ƙasarmu, tsakanin ƙurar hunturu da lakar damina, da wuya ka samu tsohuwar mota da duka nata a buɗe suke. Kwance su ka wanke da gazuwal ka busa, ba ko dala.

Wannan magana ita ce kuma nake zargi a ɗigon da ya ci maka juwan kartar biyu. Inji ma yana da bututun numfashinsa, renifla. Kowane inji, ko sabo, yana sakin ɗan hayaƙi ta gefen piston zuwa cikin kartar, tsoho kuwa ya fi saki. In reniflan ya toshe da daskararren mai da ƙura, hayaƙin ya taru, to duk juwan da ka sa zai yi gumi. Wanke shi tukuna. Bayan nan, inji ya yi zafi yana aiki a hankali, buɗe murfin zuba mai ka aza shi a bakin ba tare da ka murɗa ba. Idan yana ɗan rawa kawai, babu damuwa. Idan hayaƙi yana bugowa yana ture shi, zoben piston sun gaji, kuma a nan makanikinka yana da gaskiya, sai dai ko a nan ɗin a fara auna matsin kowace silinda kafin a taɓa noti.

Kartar kuwa sau da yawa ƙarya ake mata. Ita ce a ƙasa, duk man da ya zubo daga sama a bakinta yake taruwa ya ɗiga, ga fanka da iskar tafiya suna kora shi baya. Inda ɗigo ya faɗi ba nan ne inda ya fito ba. Sai an wanke. A goge injin da gazuwal da burushi, a bi da ruwan omo, a kiyaye dinamo da wayoyi, a bar shi ya bushe sarai. A barbaɗa hoda ko toka mai laushi a wuraren da ake zargi, a tayar na kamar kwata ɗin awa, sannan a bi da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsawo da hodar ta yi duhu, nan ne mafari. Galibi za ka same shi a juwan murfin saman inji, ko robar gidan filta, ko ƙaramin abin da ke auna ƙarfin mai, ko tiyon da ke kai mai ga kwamfaresa. Duk waɗannan gyaran tsaye ne, ba a sauke komai. Wanda ke da wahala shi ne juwan sipi na bayan karanshaf, wanda ke ɗigowa ta ramin ƙasan gidan kuloci. Ko shi ma a shinshina, domin man giya ma ta wannan rami yake fitowa.

In kuma da gaske kartar ce, ina kyautata zaton ɗauri ne ya yi yawa. Yaran gareji suna ganin ƙarfin hannu ke tsayar da yoyo, su ɗaure har bakin ya lanƙwashe kewaye da kowane rami, juwan ya fashe. A cire, a daidaita bakin a kan wuri mai lebur, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe a hankali, zagaye biyu ko uku. Silikon kuma shafa ce siririya. Wanda ya yi yawa yana tsinkewa ya faɗa ciki ya toshe rariyar famfon mai.

Wuyar tashi da safe yoyo ne shi ma, wanda ba ya ɗiga. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo ja ake yi, ba turi ba, saboda haka tsaga a nan iska take sha, gazuwal ya koma tanki cikin dare. Sa guntun tiyo mai haske kafin filta ka duba ko kumfa na wucewa. Ko kuma ka ba injin mai kai tsaye daga jarka mai tsabta, ta kwana haka. In ta tashi bugu ɗaya da safe, laifin yana tsakanin tanki da famfo: tsohon tiyo, robar filta, wasarorin jan ƙarfe, ko famfon hannun da aparanti ke bugawa, wanda shi kansa yana shan iska in ya tsufa. Wasar jan ƙarfe in babu sabuwa, a gasa ta ta yi ja a tsoma a ruwa, za ta yi laushi ta sake kamawa. Feshin tayar da inji kuma a rage shi, yana karya zoben piston.

Ka tuna da shekarun abin da kake tuƙawa. GBC 8 KT ta shiga aikin sojan Faransa ne a farkon shekarun 1960, daga zuriyar Gazelle da ta ratsa Tenere a tafiyar Berliet ta 1959 zuwa 1960. Kamfanin kansa an haɗe shi da Saviem a 1978 ƙarƙashin Renault. Ƙarfen yana nan, injin lita 7.9 mai doki 125 bai san gaggawa ba, amma duk wata roba da ke jikinta da ba a canza ba ta wuce zamaninta. Za ka ji ana cewa injinta yana shan kowane mai. An yi shi haka ne don larurar yaƙi. Fetur ba ya shafa wa famfo maiƙo, tsohon baƙin mai kuma yana toshe filta. Ka ba ta gazuwal mai tsabta, na duro kuma a bar shi ya kwanta a tace kafin a zuba.

Ga kula ta yau da kullum, a wannan ƙura tamu ni ba na wuce kilomita 5,000 ban yi juye ba, da 15W40 da sabon filta, kuma motar da ke yini a yashi da ƙaramar giya a rage mata, tunda injinta yana aiki fiye da abin da kilomita ke nunawa. In filtar iskarta mai kwanon mai ce, a hunturu a leƙa kwanon kullum, a wanke in laka ta taru. Kowace yamma a buɗe ƙasan tankunan iska ruwa ya fita, in ka ga mai yana biyo shi kwamfaresa ta fara gajiya. Pon uku da akwatunan giya biyu a duba su duk wata, mai ya kai bakin ramin zubawa, kuma duk ranar da ka ratsa ƙorama da damina ka sake dubawa ko ruwa ya shiga. Radiyata a busa ta daga baya zuwa gaba kafin zafin Afrilu, a guji ruwan rijiya mai barin farin dutse, kuma kada a bari a cire mata kalorsta, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan maganin zafi. Wutarta volt 24 ce, kada a ja rediyo ko cajin waya daga batiri guda ɗaya, yana kashe su duka. Idan ka yi gwajin takarda da na jarka, ka aiko mini da abin da ka gani, da kalar hayaƙin da take yi da safe.