Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ɗauko Matuƙin Jirgin Yaƙi Daga Hannun Abokan Gaba

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu ɗaya: aikin nema da ceto a lokacin yaƙi, da matuƙan da ke shiga inda aka harbo ɗan'uwansu don su fito da shi. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Na tuna labarin matuƙin da 'yan bindiga suka harbo jirginsa a jiharmu ya tsira. Idan haka ta faru, me rundunar soja ke fara yi? (Wani malamin makaranta daga Gusau)

Malam, wanda kake nufi shi ne Flight Laftanar Abayomi Dairo. Ranar 18 ga Yulin 2021 aka buɗe wa jirginsa ƙirar Alpha Jet wuta yana dawowa daga aiki a iyakar Zamfara da Kaduna. Ya cilla kansa waje, ya sauko da lema, ya ɓuya har duhu ya yi, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya har ya isa inda sojojin ƙasa suke. Jiragen leƙen asiri da jirage masu saukar ungulu na yaƙi suna sama suna tallafa wa masu nemansa.

Tsarin da rundunonin sama da dama ke bi yau ya bunƙasa ne a yaƙin Biyetnam, kuma kusan kullum da murya ake farawa. Matuƙi yana ɗauke da ƙaramar rediyo a rigar tsirarsa. Tashar gaggawa ta soja ita ce megahaz 243.0, ta farar hula 121.5, na'urorin zamani kuma suna aika alama ga tauraron ɗan'adam a kan 406. Ba a son ya cika magana, domin batir yana ƙarewa, kuma abokan gaba ma suna da kunne: suna iya bin siginar har inda yake kwance.

Bayan an ji murya sai a tabbatar da mai ita. Kafin matuƙi ya fara fita yaƙi yana cike wata takarda ta sirri, ya rubuta lamba mai alƙaluma huɗu da wasu bayanai game da rayuwarsa waɗanda baƙo ba zai sani ba, kamar launin motarsa ta farko. Ba a cewa ya faɗi lambar duka ta rediyo. Sai a ce ya haɗa alƙalami na farko da na uku ya faɗi jimla, don lambar ta sake amfani gobe. Dalilin wannan tsauri shi ne an sha ƙwace rediyon wanda aka kama a yi tarko da ita, a kira jirgin ceto zuwa bakin bindiga.

Sai binciken wurin. A Biyetnam tsofaffin jirage masu farfela ƙirar A-1 Skyraider ne ke wannan aiki, ana kiran su Sandy a rediyo. Matuƙinsu yakan sauko ƙasa-ƙasa, ya rage gudu, ya yi ta kai da kawo da gangan don a harbe shi, domin ta haka ne kawai ake ganin inda bindigogin suke ɓoye a rufe musu baki. Jirage masu saukar ungulu biyu suna jira nesa. Ɗaya zai shiga ya ɗauko, ɗayan yana sama, aikinsa shi ne ya kwashe mutanen na farkon idan shi ma ya faɗi. Can sama kuma akwai babban jirgi HC-130 mai tsara zirga-zirga da shayar da su mai a cikin iska. Sai jagoran Sandy ya ce wuri ya lafa kafin kowa ya kusanto.

Tambaya: Me ya sa ake yawan yabon matuƙin jirgi mai saukar ungulu, alhali na jirgin yaƙi ne ke gwabzawa? Ku ba mu misali na gaskiya. (Wata ɗaliba daga Zariya)

'Yar'uwa, kariyar jirgin yaƙi gudunsa ne. Shi kuwa matuƙin ceto aikinsa shi ne ya tsaya cak a sama. Idan daji ya yi duhu babu wurin sauka, zai tsayar da jirgi a sama daidai kan mutumin, a sauke igiyar ƙarfe mai tsawon mita saba'in da 'yan kai, a ƙarshenta akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke ratsa rassan itace, mai kujeru uku da ake buɗewa. Saukar da ita da jawo ta yana cin mintuna. Idan mutumin ya ji rauni ba ya iya hawa, sai ma'aikacin ceto ya bi igiyar ya sauka ya ɗaure shi, lokaci ya ƙara tsawo. Duk wannan tsakani matuƙin ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Muryar mai riƙe da injin igiya kawai yake bi: matsa gaba kaɗan, dama kaɗan, tsaya. Hannayensa biyu da ƙafafunsa biyu duk suna aiki, harsashi yana huda jikin jirgin, kuma idan ya kauce da mita biyu igiyar za ta sarƙe a itace ko ta maka mutumin da kututture.

Misalin da muka fi so a sani shi ne na Laftanar Clyde Lassen na sojin ruwan Amurka, ɗan shekara 26. Bayan tsakar daren 19 ga Yunin 1968 ya tashi daga jirgin ruwa USS Preble da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu UH-2 Seasprite mai inji ɗaya tal, shi da mataimakinsa da ma'aikata biyu. An harbo wani jirgin yaƙi F-4 a cikin Biyetnam ta Arewa, mutum biyu da ke ciki, John Holtzclaw da John Burns, suna kan wani tudu mai sarƙaƙƙiyar itatuwa, sojojin gaba suna matsowa.

Da farko ya sauka a fili a gindin tudun, amma kurmi ya hana su isowa. Sai ya nemi wasu jirage su riƙa sako fitilun sama masu saukowa da lema, ya kutsa ya tsaya tsakanin itatuwa biyu daidai inda suke. Ana cikin haka fitilar ta mutu. Idon da ya saba da haske ba ya ganin komai idan duhu ya rufo farat ɗaya, jirgin ya bugi itace ya fara gangarowa. Lassen ya daidaita shi ya fito. Ya sake gwadawa, bai samu ba. Mai ya yi ƙasa ƙwarai. A yunƙurin ƙarshe fitilun sama suka sake mutuwa yana gab da ƙasa, sai ya kunna fitilun saukar jirginsa. Ya san sarai ya nuna wa kowace bindiga da ke wurin inda yake, amma babu wata hanyar da zai ga ƙasa, su kuma su ga inda za su nufa. Mutanen biyu suka shiga. A hanyar teku aka sake buɗe masa wuta daga gaɓa, ya kauce, ya sauka a kan USS Jouett da man da bai wuce na minti biyar ba. Shugaba Lyndon Johnson ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a Janairun 1969.

Abin da muke so ki lura da shi: bai koma Preble inda ya taso ba, ya nufi jirgin da mansa zai iya kaiwa. Mutumin da ke kunna fitila a gaban bindiga idonsa na kan ma'aunin mai a lokaci guda. A wurinmu wannan natsuwar ita ce jarumtar, fiye da kunna fitilar kanta.

Tambaya: In dai an san inda mutum yake, me ke hana a je a ɗauko shi nan take? Ni ina ganin jinkiri sakaci ne. (Wani tsohon soja daga Kaduna)

Ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce. Sa'a ta farko ta fi kowace tsada, domin kafin abokan gaba su taru an fi samun sa'a. Amma akwai abubuwan da zafin zuciya ba ya canzawa.

Na farko iska. Farfela tana ɗaga jirgi ne da iskar da take turawa ƙasa, kuma iska mai zafi ko ta kan tsauni ba ta da kauri. Jirgin da ya ɗauki mutum goma da asuba zai iya kasa tsayawa a sama da shida da azahar a zafin Afrilu irin na Maiduguri. Tsayawa kusa da ƙasa, ƙasa da faɗin farfela, ya fi sauƙi saboda iskar tana dokan ƙasa ta tallafe shi. Tsayawa can saman itatuwa kuwa yana cin kusan duk ƙarfin inji. Shi ya sa matuƙi yake lissafin nauyi kafin ya shiga, wani lokaci har ya zubar da mai ko tankunan waje. Wanda ya tsallake wannan lissafi zai ja inji ya ga farfela tana rage gudu, jirgi yana nutsewa, ba tare da an harba masa ko tsinke ba. A ƙasa mai rairayi kuma akwai ƙura: mita 'yan kaɗan kafin sauka farfela tana tayar da ita ta rufe gilashi, matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgin ya zame gefe ya kife.

Na biyu, a tambayi abin da ya faru a Afrilun 1972. Ranar 2 ga wata makami mai linzami ya kakkaɓo jirgin sojin saman Amurka EB-66 mai lakabin Bat 21, mutum ɗaya cikin shida ya tsira, Laftanar Kanar Iceal Hambleton, ɗan shekara 53. Ya faɗo kusa da kogin Cam Lo, a tsakiyar dubban sojojin Biyetnam ta Arewa da ke kwararowa kudu da tankoki da bindigogin kakkaɓo jirage. An san inda yake tun ranar farko. An yi ta aika jirage. Ranar 6 ga wata jirgin ceto mai saukar ungulu HH-53 mai lakabin Jolly Green 67 ya shiga bayan an yi ruwan bama-bamai, ana zaton wurin ya lafa, ashe masu bindigogin sun yi likimo ne. Suka bari ya iso sannan suka buɗe wuta, mutum shida da ke ciki duka suka mutu. Kafin a gama, ma'aikatan sama 11 sun rasa rayukansu. Janar Creighton Abrams, babban kwamandan sojojin Amurka a Biyetnam, ya hana sake aika jirgi mai saukar ungulu.

Ta ƙasa aka fito da shi. An riƙa yi masa kwatancen hanya ta rediyo da ramukan filayen wasan golf da ya sani, don masu saurare su kasa ganewa, har ya isa kogi. Laftanar Thomas Norris na sojin ruwan Amurka da Nguyen Van Kiet na Biyetnam ta Kudu suka yi shigar masunta, suka shiga kwalekwale da dare, suka kwantar da shi suka rufe da ganye, suka dawo da shi ranar 13 ga wata. Matuƙan da suka mutu ba su gaza a jarumta ba. Tsarin da aka gina don daji mai 'yan bindigogi ne aka kai gaban cikakkiyar runduna. Jagoran da ya ce "ba yanzu ba" alhali yana jin muryar abokinsa a rediyo yana ɗaukar nauyi mai tsanani, kuma ba ma kiran wannan sakaci. A duk yaƙin, sashen ceto na sojin saman Amurka ya ceto rayuka 3,883, ya rasa mutanensa 71 da jirage 45.

Tambaya: Dokar yaƙi ba ta hana harbin jirgin ceto ba? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Ta kare wanda ke saukowa da lema daga jirgin da ya lalace. Sashe na 42 na Ƙarin Yarjejeniyar Janeba na 1977 ya hana kai masa hari yana sama, kuma idan ya sauka a yankin abokan gaba sai a ba shi damar miƙa wuya. Jirgin da ya zo ɗauko shi da bindigogi a ƙofa kuwa jirgin yaƙi ne a idon doka, ba shi da kariyar jirgin asibiti mai alamar jan kuros ko jan wata. Matuƙan sun san da haka kafin su tashi.

Tambaya: Mu manoma ne, jirage suna yawan wucewa ta kanmu. Idan jirgi ya faɗi kusa da gona, me ya kamata mu yi? (Wani manomi daga Shiroro)

Baba, tambayarka tana kan hanya, domin a yankinku ne, kusa da ƙauyen Chukuba, jirgin sojin sama Mi-171 da ya kwaso waɗanda suka ji rauni ya faɗi ranar 14 ga Agustan 2023.

Kada kowa ya kusanci tarkacen, musamman yara da masu neman ƙarfe. Akwai harsasai da rokoki da ba su tashi ba, kuma zafi yana tayar da su ko bayan sa'o'i. Kujerar matuƙin jirgin yaƙi ita kanta tana da abin fashewa a ƙarƙashinta, kada a taɓa duk wani hannu ko zobe mai ratsin rawaya da baƙi. A tsaya ta inda iska ke fitowa, kada a shaƙi hayaƙin.

Idan kun sami matuƙin da rai, ku sani kujerar tana cilla mutum da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa fiye da sau goma, saboda haka karayar ƙashin baya ba baƙon abu ba ne. In ba wuta ko 'yan bindiga ne ke matsowa ba, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a goya shi a babur. In dole ne a matsar da shi, a sa shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. A sanar da soja ko 'yan sanda mafi kusa ta hannun mai gari, kuma kada a sa hotonsa ko sunan wurin a Facebook ko WhatsApp, domin masu nemansa da mugunta ma suna duba waya.

Idan jirgin ceto ya iso, a kori dabbobi, a kwashe tabarmi da leda da duk abin da iska za ta ɗauka, kowa ya ja baya. In an sauko da igiya, a bar ƙarfen ya taɓa ƙasa kafin a kama, domin yana tara lantarki a sama kuma yana iya jefar da mutum. In jirgin ya sauka, ba a zuwa sai ma'aikaci ya yafito, a zo ta gaba ko ta gefe inda matuƙi ke gani, a sunkuye, ba tare da sanda ko fartanya a kafaɗa ba. Ta baya akwai ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ido ba ya ganinta idan tana juyawa.