Wa ke da gaskiya kan ƙawanyar Owerri?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Kawuna da abokinsa tsoffin soja ne a nan Kawo, Kaduna, kullum suna musu kan ƙawanyar da Biyafara ta yi wa sojojin tarayya a Owerri. Kawu ya ce gaggawar Adekunle, kwamandan rundunar tarayya da ke yaƙi a yankin, ce ta jawo, abokinsa ya ce ai harsashi ne Legas ba ta turo ba. Wa zan yarda da shi?

AMSA: Ɗan'uwa, kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma ni dai na fi karkata ga kawunka. Sojojin tarayya sun kama Owerri a Satumba 1968, Adekunle yana son kama Owerri da Aba da Umuahia a lokaci guda, to sai ya baza dakarunsa nesa da juna, 'yan Biyafara suka toshe hanyoyi, Birged ta 16 ta sojojin tarayya, wadda kwamanda Etuk ke jagoranta, ta maƙale a cikin Owerri har sai ta jirgi ake jefa musu abinci da harsashi, wasu kayan ma hannun Biyafara suka faɗa. Kaga ƙarancin harsashin gaskiya ne, sai dai yanke hanya ne ya tsananta shi. A Afrilu 1969 suka fasa suka fito, a Mayu aka cire Adekunle aka ba Obasanjo rundunarsa.

Don Allah ka ɗauki muryarsu a waya, dattawan nan ƙarewa suke yi.