Kwas ɗin sadarwa ta intanet yana da amfani ga wanda ya riga ya iya waya?

Malam, tambayarka ita ce ko akwai amfanin ka zauna kwas kan sadarwa da al'adun intanet alhali kullum kana kan Facebook da WhatsApp. Akwai, ka shiga kawai. Iya danna waya daban, sanin yadda maganarka za ta sauka a kunnen wanda bai san ka ba kuma daban.

Ni a wanda na yi, darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa rubutu ba shi da fuska, ba shi da murya. An ba mu labarin Scott Fahlman na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, wanda a 1982 ya ba da shawarar a riƙa sa alamar :-) don a gane cewa wasa ake yi, saboda abokan aikinsa sun fara ɗaukar raha a matsayin magana ta gaske. Nan take na tuna ranar da na tsokani wani abokina Babarbare a ƙarƙashin hotonsa, irin wasan nan da ke tsakaninsu da mu Fulani tun kaka da kakanni. Da a majalisa ne, da an yi dariya an wuce. To amma hoton a buɗe yake ga kowa, baƙin ido suka ɗauka zagin ƙabila ne, aka yi ta yi mini ruwan martani har dare. Shi kansa gogan dariya yake ta yi, ni kuwa sai da na goge maganar kafin ƙura ta lafa.